Gawar da Muka Ɗauka a Gindin Ganuwar Sin

Na yi shekaru a Riyad, na ga abubuwa iri-iri, da yawansu sun bi iska. Amma akwai wani yammaci guda da na san ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba zai fita daga raina ba: yammacin da ni da wani dattijo ɗan garinmu muka sa tufafin Sinawan dauri, muka ɗauki gawar ƙarya a gaban ɗaruruwan mutane, ta zame mana ta gaske.

A lokacin ni direba ne a wani kamfani mai samar da ma'aikata, direbobi da masu shara da masu dako. Ɗakinmu yana unguwar Batha, a saman wani shagon akwatuna, mu Hausawan Najeriya da na Nijar a cunkushe. Babbanmu shi ne dattijon da kowa ke kira Baba. Ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Gumel. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, shi ya koya mini yadda ake adana iƙama, wato katin zama, da yadda ake magana da kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ba tare da an jawo wa kai fitina ba. Magini ne tun asali, da ƙarfi ya fara ja baya aka mayar da shi shara.

Baba yana da ɗan fari, sa'ana kuma abokina, wanda ya biyo sawun ubansa ya zo aikin gini. Duk wanda ya san mutanenmu ya san kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya kama sunan yaron nan ba. In zai kira shi sai ya ce, "Kai!" In zai tambaye ni shi sai ya ce, "Ina abokin naka?" Ba sa cin abinci a kwano ɗaya. In yaron ya sayo masa turare ko sabuwar jallabiya, sai ya kau da kai ya ce a ajiye can. Mu kuwa ba ma barinsa ya sha ruwa. "Baba, anya ba ka manta sunan da ka raɗa masa ba?" Sai ya ɗauki takalmi kamar zai jefe mu. Amma na sha ganinsa da asuba lokacin sanyi yana gyara wa yaron bargo, in yana zaton kowa barci yake.

Baba ya tafi hutu gida, sai abokina ya faɗo daga saman wani dogon bene da suke ginawa a unguwar Ulaya. Ko shurawa bai yi ba. Mu muka yi zirga-zirgar takardu, aka sallace shi bayan la'asar tare da wasu mamatan, aka kai shi maƙabarta. Wanda bai ga maƙabartar Riyad ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Fili ne fetal, babu bishiya, babu allon suna, sai tudun ƙasa da dutse a kai da dutse a ƙafa, iya ganinka. Na yi ƙoƙari na riƙe wurin da ido. Amma kafin Baba ya dawo layuka sun ƙaru, an yi ruwa mai ƙarfi an gyara ƙasa. Na kai shi har ɓangaren, na tsaya ina waige-waige kamar baƙo. Muka tambayi mai gadin wurin, wani tsohon Balarabe, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kulluhum sawa, ya hajj. Duk ɗaya suke, yi addu'arka daga nan, za ta isa."

Da a ce don kansa ne, wataƙila da Baba ya haƙura. Amma ranar da zai baro gida matarsa, uwar marigayin, ta roƙe shi abu guda. Ta ce, "Malam, in ka koma ka tsaya a kansa, ka kira ni ka ce mini ka tsaya." Ya yi mata alkawari. Ga shi bai tsaya ba, kuma Baba ko a wasa ba ya ƙarya. Sai ya daina ɗaukar wayarta. Ta koma kirana, ni kuma ina ta kame-kame: yana wurin aiki, ya tafi masallaci, wayarsa ta lalace. Kowace Juma'a bayan an sauko sai ya sa in kai shi maƙabarta, ya yi ta bin layi-layi yana duban duwatsu har rana ta gasa mu. Ko sau ɗaya bai yi hawaye ba. Mutane suna ta yaba masa, wai ga mai tawakkali. Ni da nake kwana kusa da shi na san ba tawakkali ba ne kaɗai. Mutum ne yake ƙonewa ta ciki, abincinsa ya koma shayi da gutsuren burodi.

Sai kamfani ya ce shekarunsa sun ja, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, wadda in ka tafi ba dawowa. Saura 'yan makonni. Na ce, "Baba, sai a fara haɗa kaya." Ya ce, "Ba inda zan je." Na ce, "In wa'adi ya wuce fa? Da tsufanka za ka koma ɓuya a lungunan Batha, 'yan sanda suna farautarka?" Ya dube ni ya ce, "Da wane baki zan shiga gidan nan? Ta tambaye ni in ce mata me?" Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, ya ƙyale ni na gama haushina. Na san shi sarai, in ya kafe ko jirgin ƙasa ba ya ture shi.

Ana cikin haka aka kawo opera. Shekarun nan ne da Saudiyya ta fara sauya kama, aka buɗe gidajen sinima, mata suka fara tuƙi, kusan kowane mako ka ji an kawo wani sabon abin kallo. Manajanmu ya ce zan riƙa ɗauko wasu baƙi daga otal a Ulaya zuwa wani babban zauren wasa. Ranar farko na kwaso su, Sinawa da Turawa da wasu Larabawa makaɗa. Muna kan hanya wata mata ta buɗe baki tana gwada murya, saura ƙiris in hau kan shingen titi, don na zaci kunama ce ta harbe ta. Daga baya na gane cewa opera wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa. Ko ruwan sha mutum zai nema sai ya rera. Wannan kuwa haɗin gambiza ne: labarin na Sinawa, salon waƙar na Turawa, ga gogen Turawa birjik, ga wani ɗan goge na Sinawa mai kama da kukuma, ga molon Larabawa. Ana rerawa da harshen Sinanci, fassara tana fitowa da Larabci a allo saman dandamali.

Babban mawaƙinsu wani dattijon Basine ne mai ƙaton ƙirji, ba ya rabuwa da gorar ruwan zafi. Shi yake zama a gaba kusa da ni, da gurgun Turancinsa da nawa muke hira. Shi ya ba ni labarin. Ya ce a zamanin sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin wuri guda, shekaru fiye da dubu biyu da suka wuce, an kwashe maza daga ƙauyuka an tafi da su ginin babbar ganuwa. A wasan, an ɗauke wa wani tsohon manomi ɗansa tilo. Yaron ya mutu a wurin aikin, aka cusa gawarsa a gindin ganuwa aka ci gaba da gini a kai. Uban ya yi tattaki ya zo, ya tarar da bango ba iyaka, ba wanda ya san inda aka sa ɗansa. Da ya kai nan na riƙe sitiyari da kyau har muka isa.

Shugabar wasan wata Baturiya ce mai gajeren gashi da gajeren haƙuri. Ta ce tana son leburorin ganuwa su zama leburorin gaske daga cikin gari, kowace irin fata, don a cewarta ko'ina a duniya baƙi ne ke gina bangon wasu. Kamfaninmu ya turo mu, Hausawa da 'yan Bangaladash da 'yan Sudan. Baba yana share zauren ta hango tafiyarsa, ta nuna shi da yatsa ta ce wannan take so a gaba. Baba ya ce, "Ni da furfurata zan shiga wasan yara?" Manaja ya ce, "Yalla ya hajj, aiki aiki ne." Haka aka sa mana riguna masu launin toka, aka ɗaure mana kai da ƙyalle, aka ba mu manyan duwatsu na soso, waɗanda ko yaron goye zai ɗaga. Baba ya jinjina nasa ya ce, "Da irin wannan muka yi gini da shi, ai da ban tsufa ba." Rabon da in ji ya yi barkwanci tun kafin rasuwar.

Aikinmu ba wuya. Mu yi ta dakon duwatsu, wani mai kayan soja yana kaɗa bulala. Can sai ɗan manomin ya faɗi, a shige da shi bayan labule, mu huɗu mu fito da gawarsa a kan katako, mu jefa ta cikin wani rami a gindin bangon katakon da aka kafa a matsayin ganuwar, mu fice. A wurin gwaji wata 'yar tsana ce ta soso muke ɗauka, ba ta kai nauyin matashin kai ba. Ban gaya wa Baba sauran labarin ba, na ga ba amfanin fama masa ciwo. Amma wata rana na same shi tsaye da tsintsiya a hannu yana kallon dattijon Basinen nan yana gwaji shi kaɗai, yana shafa bango yana maimaita wata kalma guda.

Ya ce, "Me ɗan Chainan nan yake ta nanatawa?"

Na ce, "Sunan ɗansa ne, Baba. Nemansa yake."

"Ɗan fari?"

"Shi kaɗai gare shi."

"Kuma yake kama sunansa haka a gaban jama'a?" Ya girgiza kai. "Su ba su san kunya ba ke nan." Ya ci gaba da shararsa, amma na lura wuri ɗaya ya yi ta sharewa.

Ranar da za a buɗe wasan, bayan magariba, zaure ya cika maƙil. Ana dab da farawa Baturiyar ta zo da sabon tsari. Ta ce 'yar tsanar nan a cikin hasken fitilu kowa zai gane ta bogi ce, don haka mawaƙin da ke fitowa a ɗan, shi za mu ɗauka da kansa. Wani siririn saurayi ne mai fara'a, duk inda ya gan mu sai ya ce mana salamu alaikum da irin harshensa. Shekarunsa ba za su wuce na abokina ba.

Aka fara, muka yi dakonmu lafiya. Saurayin ya rera tasa ya faɗi, aka shige da shi. A bayan labule mata biyu suka naɗe shi cikin farin yadi daga kai har ƙafa, suka ɗaure sama da ƙasa. Baba ya tsura wa yadin ido ya ce a hankali, "Ashe su ma fari suke sa wa mamaci." Amma ba lokacin magana. Ni da Baba muka kama gaba, 'yan Bangaladash biyu suka kama baya, muka ɗaga.

Nauyin ne ya yi mana illa. Duk makonnin nan soso muke ɗauka, yau sai ga nauyin mutum ya sauka a kafaɗa. Na ji katakon ya karkata ta wajen Baba, sannan ya daidaita. Muna fitowa cikin haske na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "La'ilaha illallahu," kamar yadda ake yi in an ɗauki makara. Takunsa ya sauya, ya koma irin na mai rakiyar gawa. A nan na tuna cewa mutumin nan bai wanke ɗansa ba, bai sallace shi ba, kafaɗarsa ba ta taɓa makararsa ba.

Muka isa bakin ramin. Umarnin da aka ba mu shi ne mu kifar da gawar kamar buhu mu wuce. Baba bai yarda ba. Ya durƙusa, ya tallafi kan saurayin da hannu biyu, ya zura shi a hankali. Ya juya shi ya kwantar da shi a kan gefen dama. Ya kwance ƙullin kai, ya kwance na ƙafa, yana cewa, "Bismillahi wa ala millati Rasulillahi." Saurayin nan, Allah ya saka masa, bai motsa ba, ya sakar masa jiki. 'Yan Bangaladash suka fice, mai bulala ya tsaya sororo ya rasa abin yi. Na ja hannun rigar Baba na ce, "Baba, tashi, namu ya ƙare." Ko kallona bai yi ba. Na kasa tafiya in bar shi, sai na durƙusa a bayansa.

Kiɗa ba ya jiran kowa. Fitilu suka dushe, ɗan gogen Sinawan nan ya fara kuka shi kaɗai, dattijon Basinen ya shigo daga can gefe da sanda da tsumma a jiki. Yana tafe yana shafa bango, yana kiran sunan ɗansa, ya saurara, ya sake kira. Muryarsa ta cika zauren har ina jin ta a ƙirjina. Ya kira, kiɗa ya tsaya cak, wurin ya yi tsit, don a tsarin wasan nan ne uban zai saurara bango ya ƙi amsa masa.

Cikin shirun nan Baba ya buɗe baki ya kira sunan ɗansa.

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Amma na rantse har yau ina jin yadda ya fito, a shaƙe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Ya sake kira da ƙarfi, har sau uku, sannan ya kifa goshi a jikin bangon katako ya fashe da kuka. Tunda aka raɗa wa yaron nan suna bai taɓa jin sa daga bakin ubansa ba. Sai ga shi yau an kira, a gaban Larabawa da Turawa da Sinawa, mai sunan kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ni ma ban san lokacin da hawaye suka wanke mini fuska ba.

Dattijon Basinen ya tsaya yana dubanmu. Ba ya jin Hausa, ba wanda ya taɓa ba shi labarin Baba, amma ya gane. Maimakon ya wuce tsakiyar dandamali inda aka tsara masa, sai ya tako ya durƙusa kusa da Baba, ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya ƙarasa waƙarsa a durƙushe. Na ɗaga kai na karanta fassarar a allo ta cikin hawaye. Uban yana cewa ya gaji da nema, duk inda ya ɗora hannu a bangon nan ɗan wani ne a ciki, don haka a nan zai zauna ya yi kukan nasa da na sauran. Na raɗa wa Baba abin da aka rubuta. Sai na ga ya ɗaga kai ya dubi allon da kansa.

Aka saki labule, zaure ya ɗauki tafi, mutane suka miƙe tsaye. Su a wurinsu duk cikin wasa ne. Baturiyar ta rugo bayan dandamali idonta jawur, ta kama hannuna ta ce in gaya wa tsohon nan gobe ma haka take so, daidai haka, kada ya sauya komai. Wallahi ban taɓa jin zuciya ta taso mini irin ta ranar ba. Na manta da aiki, na manta da iƙama, na gaya mata da duk Turancin da na mallaka cewa wannan ba wasa ba ne, ɗansa ne ya faɗo daga bene a garin nan, har yau bai san kabarinsa ba. Ta rufe baki da hannu. In faɗi gaskiya ba ta da laifi, ba ta sani ba, kuma ta yi ta ba da haƙuri har ta ba ni tausayi. Baba ya tambayi abin da take cewa, na fassara masa. Ya share fuska da ƙyallen kansa ya ce, "Ka ce mata ta yi haƙuri, ta nemi wani. Na riga na binne shi, ba zan tone ba."

Saurayin ya fito daga cikin farin yadin, ya zo gaban Baba ya sunkuya irin gaisuwarsu. Baba ya kama fuskarsa da hannu biyu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya raya ka, ya mayar da kai gaban iyayenka da ƙafarka."

Washegari da safe ya ce in kai shi maƙabarta. Na zaci bin layi za mu sake yi. Da muka isa ɓangaren sai ya tsaya wuri ɗaya, ya yi wa mutanen kaburbura sallama baki ɗaya, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, yana ambaton sunan ɗansa a fili, yana haɗawa da duk baƙon da aka binne a filin nan ba nasa a kusa. Da ya shafa ya ce, "Ba ni wayarka." Ya kira gida. Shirun wurin ya sa ina jin muryar tsohuwar.

Ya ce, "Ni ne. Ban gane kabarin ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ga ni tsaye a filin da yake kwance, na kira shi na yi masa addu'a."

Ta ce, "Ka kira shi, Malam? Da sunansa?"

"Da sunansa."

Ita ma fa uwar ɗan fari ce, ba ta taɓa furta sunan nan ba. Na ji ta ce, "Ƙara kira in ji."

Ya kira. Na juya baya na yi nisa, don abin da ya biyo baya ba na kunnena ba ne. Da na dawo ya miƙo mini wayar ya ce, "Ta ce in taho gida. Ka nemo mini akwati a shagon ƙasa."

Ni na kai shi filin jirgi kafin wa'adinsa ya cika. Bai yi shekara a gida ba Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a bayan ƙauyenmu, inda kowa ya san kabarin kowa. 'Yan opera kuwa sun gama kwanakinsu sun tafi, ban sake jin labarinsu ba.

Ba na zagin al'adarmu, kunya ado ce, a cikinta aka raine ni. Amma abin da na koya a gindin bangon katakon nan shi ne, ƙaunar da ka ɓoye don kunya ba ta ɓacewa, tana nan tana jiran ranar fita, kuma sau da yawa takan fito bayan wanda kake ƙaunar ya daina ji. Da na dawo gida na yi aure, Allah ya ba ni ɗa namiji, na sa masa sunan abokina. Mahaifiyata har yau tana hararata tana cewa zaman Saudiyya ya cire mini kunya. Ni dai kowace safiya sai na tsaya a tsakar gida na kira ɗan farina da cikakken sunansa, ko ba ni da abin da zan aike shi, don kawai in ji ya ce, "Na'am."